Yadda Ake Shirya Baje Kolin Fasahar Muhalli a Tsohon Ginin Ƙasa

Gidan Makama da ke Kano ya samo asali tun ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yau gidan tarihi ne a ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Duk wanda ya shiga sorayensa da tsakar rana a watan Afrilu ya san yadda sanyi ke tarbar mutum daga bakin ƙofa, ba fanka ba na'ura. Shi ya sa masu fasahar da ke aiki a kan muhalli, masu sarrafa leda da robobi da busassun itatuwa su mai da su abin kallo, suke kwaɗayin irin wannan wuri. Ginin da kansa yana ba da rabin darasin. Amma bangon tubali ba ya yafe ƙusa, ba ya yafe ruwa, kuma abin da aka ɓata a mako guda sai magina su shekara suna gyara. Bayanin da ke biye ya ɗauki Gidan Makama a matsayin misali, amma ya shafi Gidan Ɗan Hausa, da tsohuwar Kwalejin Katsina, da tsofaffin gidajen Birnin Damagaram ko na Agadas.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da sauran duka: komai ya tsaya da ƙafarsa. Babu abin da zai jingina da bango, babu abin da za a rataya a rufi.

Izini da rubuta halin da gini yake ciki

Ku fara wata huɗu kafin ranar buɗewa. Ku rubuta wa shugaban gidan tarihin takarda, ku faɗi ɗakunan da kuke so, da tsawon lokaci, da irin kayan da za ku shigo da su, da nauyinsu. Kada ku ɓoye cewa akwai leda ko ruwa ko wutar lantarki a cikin shirin, domin nan ne gardama take tasowa daga baya. Gidan Makama na hukumar tarayya ne, Gidan Ɗan Hausa kuwa yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar Kano, saboda haka ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Idan gidan zuri'a ne ko na sarauta, a je a gai da mai gidan da mai unguwa kafin takarda ta isa.

Da an amince, sai ku zagaya ɗakunan tare da ma'aikacin gidan da kuma magini na gargajiya, wanda ya san tubali da azara, ba mai bulo da siminti ba. A ɗauki hoton kowane bango daga kusurwa zuwa kusurwa, a ɗauki rufi da daɓe da bakin ƙofa. Duk inda aka ga tsaga, a ɗora ma'auni a gefenta a ɗauka, a rubuta tsawonta da faɗinta. Magini zai ƙwanƙwasa yaɓe da bayan yatsa. Inda ya ji ƙara kamar ta ƙwarya, yaɓen ya rabu da bango, kuma wurin ba ya son ko da gogar kafaɗa. A duba gindin bango ko akwai farin gishiri da ya tsattsafo, alamar laima ce ke hawowa daga ƙasa. A duba hanyar gara, wannan siririn ginin ƙasa da take yi a jikin bango. A buga hotunan kwafi biyu, ɓangarorin biyu su sa hannu. Wannan takarda ita ce za ta raba ku da zargi ranar kwashe kaya.

Awo

Zanen da aka yi a kan cewa ɗaki murabba'i ne ba zai yi aiki ba. Bangon ƙasa yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, kusurwoyinsa kuma a lanƙwashe suke. Ku auna faɗin ɗaki a wuri uku: a ƙasa, a tsayin mita ɗaya, da tsayin mita biyu. Ku auna daga kusurwa zuwa kishiyarta. A zana taswira a kan santimita ɗaya madadin santimita hamsin, a sa ginshiƙai da tagogi da alkuki da matakala.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙofa. Ƙofofin soro gajeru ne, ƙuntatattu, wasu da dokin ƙofa mai tsayi, wasu kuma da kwana nan take bayan an shiga. Ku nemo ƙofa mafi ƙanƙanta a kan hanyar da kaya za su bi, ku rage santimita goma daga faɗinta da tsayinta, wannan shi ne iyakar girman kowane gunduwa. Aikin da ya fi haka sai a ƙera shi guntu-guntu a haɗa a ciki da noti, ba da walda ba. Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa tsohon gini a bakin ƙofa take faruwa, ranar shigo da kaya, lokacin da samari huɗu suka ɗauko ƙarfe suna cewa zai shiga.

Wane lokaci na shekara

Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, kuma Agusta ya fi ruwa. Bango ya sha, danshin iska ya haura kashi 70 cikin ɗari, takarda tana laushi, fata tana fumfuna, rufi na iya ɗiga ba sallama. Daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne: danshi na faɗowa ƙasa da kashi 20, katako yana tsagewa, ƙwarya tana fashewa, ƙura kuma tana shiga ko'ina, musamman jikin leda da ke jan ta kamar maganaɗisu. Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40 a waje, 'yan kallo ba sa fitowa da rana.

Saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Bango ya fara bushewa, hazo bai sauka ba, makarantu kuma suna zaman karatu. A duba kalandar Musulunci. Gidan Makama yana daf da fadar Sarki, kuma a kwanakin hawan salla ko ranar Juma'a da rana hanyar ba ta mota mai kaya ba ce.

Jigo

Baje kolin da ya ce zai yi magana a kan sauyin yanayi gaba ɗaya yakan ƙare da hotunan ƙanƙarar da ke narkewa a ƙasashen da ba wanda ya taɓa zuwa. Ku ɗauki abu ɗaya da mai kallo ya wuce a hanyarsa ta zuwa. A Kano, kududdufi jigo ne da ya dace da ginin ƙasa fiye da kowane. Daga irin waɗannan ramuka aka ɗebi ƙasar da aka gina gidajen birni, su ne kuma suke tare ruwan sama. Da aka riƙa cike su da bola ana gini a kai, ruwan ya rasa masauki sai cikin gidajen mutane. Mai kallo yana tsaye a cikin bangon da ya fito daga kududdufi yana kallon abin da kududdufi ya zama. Daga nan sai a bi ruwa: Jakara da ke ratsa birni ɗauke da ƙazanta, da ruwan majemu na Sharaɗa da Challawa, da ledar ruwa da ke toshe kwata.

A raba jigon bisa tsarin gidan. Zaure ya ɗauki gabatarwa kawai, allo ɗaya da aiki ɗaya mai jan ido, domin nan ne cunkoso. Sorayen ciki masu duhu su ɗauki ayyukan da ke son natsuwa da hasken fitila. Tsakar gida ta ɗauki manyan ayyuka da duk abin da ke da ruwa ko tsiro. A ɗaki mai mita huɗu da huɗu, aiki uku ya isa. Idan soro yana da daurin guga mai kyau, wato rufin ƙasa mai baka, ku bar tsakiyarsa fayau, ku sa benci mutane su zauna su ɗaga kai.

Wani abin lura: aikin da ya ɗauki siffar mutum cikakke yakan jawo magana a wurinmu, kuma maganar takan danne saƙon. A tattauna da mai fasahar tun kafin ya fara, ba ranar da ya sauke kaya ba.

Abin da zai riƙe kayan

Tunda ba ƙusa, ba salatif, ba gam, ba fenti, sai an ƙera bango na wucin gadi. Allon da ya fi sauƙin sarrafawa shi ne mai tsayin mita 2 da faɗin mita 1.2, faifan katako a kan firam. A yi masa ƙafafu biyu masu fitowa santimita 60 gaba da baya, a ɗora buhun yashi mai kilo 25 a kan kowace ƙafa ta baya, a rufe buhun da yadi ko tabarma. Kafin a rataya komai, mutum ya tura allon daga sama da tafin hannu. Idan ya yi rawa, yaron makaranta zai kayar da shi. Haɗa allo biyu su yi kwana ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

A bar tazarar santimita 30 aƙalla tsakanin ƙarshen ƙafafun allo da bango, hamsin ya fi. Dalili biyu ne. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, idan aka toshe shi sai laima ta taru a bayan allo. Na biyu, ana bukatar a riƙa leƙawa da tocila ko gara ta fara hanya, domin sabon katako kiranta yake yi. Kada ƙafar katako ta taɓa daɓe kai tsaye: a sa guntun roba mai kauri, irin na tsohuwar taya, sannan falanki mai faɗi ya raba nauyin. Ƙafar ƙarfe mai tsini tana huda daɓe cikin kwana biyu.

Rufi kuwa haramun ne. Azara tsagin giginya ce, kuma ba ta ƙetare fiye da kusan mita 1.8 ba tare da tallafi ba. Shi ya sa magina suke jera ta hawa-hawa, su ɗaure, su lulluɓe da ƙasa har bakan daurin guga ya haɗu. Tana ɗauke da nauyin ƙasar rufi tun da daɗewa, kuma ba wanda ya san yawan abin da ya rage na ƙarfinta a cikin yaɓe. Idan aikin na ratayawa ne, kamar labulen ledar ruwa da aka ɗinke, a haɗa masa firam na bututun ƙarfe ko gora mai ƙafa huɗu, samansa ya tsaya santimita 40 ƙasa da rufi.

Duk yanka, goge katako, fenti da walda a gama su a wajen gidan. Fenti ya sha iska mako biyu kafin ya shigo.

Tsabtace kayan fasahar

Nan ne baje kolin muhalli ya bambanta da na zane-zane, domin kayansa daga bola da daji da kwata suke fitowa, kuma gidan tarihi yana da tsofaffin ƙyamare da riguna da takardu da ƙwari ke so.

Leda da robobi: a wanke da sabulu, a jiƙa a ruwan da aka ɗiga bilic na minti goma, a ɗauraye, a shanya kwana biyu har cikin lungunan su bushe. Ledar ruwa da aka ɗinke da sauran danshi a cikinta tana wari cikin mako guda a rufaffen soro.

Itace, kara, zana, ƙwarya, kaba, fata: waɗannan su ke shigo da gara da ƙwaro mai huda katako. Hanya biyu ce ba tare da feshin magani ba. Ƙananan kaya a sa su a leda, a matse iska, a ɗaure, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifili na kwana bakwai, sannan a bar su a cikin ledar kwana ɗaya su huce kafin a buɗe, don raɓa ta kwanta a kan ledar maimakon kayan. Wannan sai da tabbacin wuta ba yankewa. Manyan kaya kuwa rana ta ishe su: a naɗe su a baƙar leda, a ɗora a kan katako don kada ƙasa ta shanye zafin, a sa ma'aunin zafi a tsakiya. Idan cikin ya kai digiri 55 ya zauna haka na sa'o'i da yawa, ƙwari da ƙwayayensu sun mutu. Itace mai kauri a maimaita masa kwana uku. Kada a yi wa abin da aka haɗa da gam ko kakin zuma haka, zai narke.

Irin shuka, gero, dawa, wake: a rufe a kwalba mai murfi. Buɗaɗɗen hatsi gayyatar ɓera ce, ɓera kuma rami yake yi a gindin bango.

Yadin rini na baba, irin na marinar Ƙofar Mata, yana zuba. Wanda aka buga da shuni yana barin launi a duk abin da ya goga, kuma ba a wanke bangon ƙasa. A nisanta shi da bango da kuma hanyar masu fararen kaya.

Ruwa shi ne babban abokin gabar ginin. Idan ana son nuna bambancin ruwan Jakara da na rijiya da na famfo, a zuba a kwalaben gilashi na lita ɗaya, a bar sarari na yatsa uku a sama domin gurɓataccen ruwa yana tara iska, a toshe sosai, a jera a cikin tire mai zurfin da zai iya ɗauke ruwan duka idan sun fashe. Mai ɗebowa ya sa safar hannu. Haske yana sa gansakuka ta fito a ciki, sai a canja duk mako. Tsirrai masu rai, kamar dashen bedi ko zogale a tukwane, su zauna a tsakar gida, mita biyu daga bango, kowace tukunya da faranti a ƙarƙashi, kuma nesa da inda indararo ke zuba.

Haske da wuta

Duhun soro kadara ce, kada ku kashe shi da fitilun shago. A yi amfani da ƙwan LED mai haske ja-ja, wanda aka rubuta 3000K a kwalinsa. Fari fat yana mai da jan bango toka-toka. Yadi, takarda da fata mai rini kada hasken da ke sauka a kansu ya wuce lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne). Zanen fenti na ɗaukar 200. Ƙarfe, dutse da gilashi ba ruwansu. Manhajar waya tana ba da kimantawa, ba daidai-wa-daida ba, amma ta fi ido. Fitilar da aka ajiye a ƙasa tana haska bango a kaikaice tana fito da zanen magina da sawun yatsunsu a jikin yaɓe, abin da hasken gaba-da-gaba ke shafewa.

Ga lissafi mai sauƙi. Ƙwai 20 masu wat 7 sun zama wat 140. A sa'a takwas za su ci wat-awa 1,120. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da 2,400, amma irin na dalma rabinsa kawai ake ja idan ana son ya daɗe, wato 1,200. Batir ɗaya ke nan ya isa fitilu kaɗai, da ƙyar. Idan akwai majigi ko lasifika, a ƙara na biyu. Batir da inbata su zauna a wajen soro a cikin akwati mai iska. Faifan sola a ajiye shi a ƙasa a kan firam, kada a hau rufi da shi. Janareta kuwa a kai shi can nesa, domin girgizarsa tana kakkaɓo yaɓe, hayaƙinsa yana baƙanta bango. Haka ma lasifika mai duka: idan kuka ga ƙasa tana zubowa kamar gari a kan allo da safe, sautin ya yi yawa.

Waya ta bi ƙasa a cikin bututun roba, gefen ƙafafun allo, a rufe ta inda take ƙetare hanya. Ba a huda bango don waya, ta taga ko ƙofa take shiga. Kada a sa na'urar sanyaya ɗaki: tana son rami, tana ɗigar ruwa, ginin kuma bai nema ba. A ajiye ƙaramin ma'aunin zafi da danshi a kowane ɗaki, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Abin tsoro shi ne tsalle na farat ɗaya, ba lambar kanta ba.

Gobara: leda tana ci tana ɗiga, kara da zana kuwa kamar fetur. Ba kyandir, ba turaren wuta, ba aci-balbal, ko da mai fasahar ya ce aikin ba ya cika sai da su. Fitila ta nisanci leda da santimita 50. A bakin kowane ɗaki a ajiye tukunyar kashe gobara mai gari da bokitin yashi, a koya wa masu gadi yadda ake zare fil. Tiyon ruwa zai kashe wutar ya kuma narkar da bangon.

'Yan kallo

Hanya ta zama ɗaya, shiga ta nan fita ta can, faɗinta kada ya gaza santimita 90 don keken guragu. A kan dokin ƙofa a ɗora gadar katako mai cirewa. Soro mai mita huɗu da huɗu kada ya ɗauki fiye da mutum goma a lokaci guda. Ajin makaranta a raba shi uku, sauran su jira a inuwa. Mutane suna son shafa bango da jingina, musamman wajen ɗaukar hoto. Igiya a kan sanduna masu gindin kansu tana taimakawa, amma mai kula da ɗaki da zai ce "Hajiya, a ɗan matso gaba, bangon ya tsufa" ya fi kowace igiya aiki.

Tsakiyar aikin da aka rataya ya kasance a tsayin santimita 145 zuwa 150. Bayani kada ya wuce kalma sittin, da manyan haruffa saboda duhu, da Hausar boko da ajami, Turanci a ƙasa. Ajamin ba ado ba ne. Dattawa da almajiran unguwa da yawa shi za su karanta. A faɗi inda aka tsinto kayan da yawansu, domin "ledar da aka kwaso daga kwata ɗaya a wuni ɗaya" ta fi kowane dogon jawabi tsayawa a rai.

Kullum da safe, kafin a buɗe, mutum ɗaya ya zagaya da tocila: bayan alluna, gindin bango, rufi, kwalaben ruwa. A share da tsintsiya mai laushi ba tare da yayyafa ruwa ba, ko da an saba. Inda jemagu ke kwana, a lulluɓe ayyuka da yadi da daddare, kada a yi musu hayaƙi.

Kwashewa

A ware kwanaki daidai da na kafawa, a kuma ajiye kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin aikin tun farko don wannan mataki, saboda lokacin ne aljihu ya bushe kowa kuma ya gaji. A fara cire ayyuka, sannan fitilu da waya, sannan alluna, buhunan yashi a ƙarshe. Mutum biyu su tsaya a kowace ƙofa riƙe da katifar soso a gefen bango yayin fitar da ƙarfe.

Bayan ɗaki ya zama wayam, a dawo da hotunan farko, a bi bango-bango tare da ma'aikacin gidan da maginin nan. Inda aka samu ɓantarewa, magini ne zai gyara da ƙasa irin ta wurin, da makuba ko laso idan da su aka yi asalin yaɓen. Ba a cike gurbi da siminti: yana kulle laima a bayansa, ƙasar ta ruɓe, wata rana ya faɗo da yanki mafi girma. Ledar da robobin a kai wa masu saye su narka, katakon a ba makaranta ko a adana don wani baje kolin, gurɓataccen ruwan kuma kada a juye shi a harabar gidan. Sai ɓangarorin biyu su sake sa hannu a ƙasan takardar, da kwanan wata.